Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar NFF: Kafin Ku Sake Rataya Wa Koci Jakar Tsaba

Zuwa ga Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, Alhaji Ibrahim Musa Gusau, da ɗaukacin 'yan kwamitin zartarwa, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne a kan abin da ya same mu a Rabat daren Lahadi, 16 ga Nuwamba, 2025, lokacin da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta yi waje da mu daga wasan cike gurbi na neman zuwa Kofin Duniya a bugun fanareti, 4 da 3, bayan an tashi kunnen doki 1-1. Mun ga takardar ban haƙurin da hukumarku ta fitar ga Shugaban Ƙasa da 'yan Najeriya. Haƙuri kam mun yi, tunda ba mu da abin yi da ya wuce shi. Amma ban haƙuri daban, bayani daban, kuma bayanin ne har yanzu ba mu ji ba. Tun da muka fara zuwa Gasar Cin Kofin Duniya a 1994, ba a taɓa yi sau biyu a jere babu mu ba sai yanzu. Qatar ta wuce mu, ga Amurka da Kanada da Meziko ma za mu kalla a talabijin.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne wannan karon an buɗe ƙofar ne warwar. Ƙasashe 48 za su buga gasar 2026, Afirka ta samu gurbi 9 kai tsaye, ga kuma na goma da ake nema ta wasan cike gurbi. Cape Verde ta samu shiga, ƙasar da mutanenta gaba ɗaya ba su kai na ƙaramar hukumar Nasarawa ta nan Kano ba. Mu da muke da Gwarzon Ɗan Wasan Afirka shekara biyu a jere, Victor Osimhen a 2023 da Ademola Lookman a 2024, muna waje muna leƙe.

Ranka ya daɗe, ba a Rabat muka rasa gurbin nan ba. A Rabat dai aka yi jana'iza, amma mara lafiyar ya daɗe a kwance. Ku ɗauko jadawalin rukunin C ku duba. Nuwamban 2023, Lesotho ta zo har Uyo ta riƙe mu 1-1, kuma su suka fara zura mana ƙwallo. Kwanaki kaɗan bayan nan, Zimbabwe, wadda ko filin da aka amince da shi ba ta da shi a gida sai da ta ara a Ruwanda, ita ma 1-1. Yunin 2024, Afirka ta Kudu a Uyo, 1-1. Sai Benin ta doke mu 2-1 a Abidjan. Wasa huɗu, maki 3 cikin 12. Daga nan muka koma lissafi da addu'a, kowa da wayarsa yana duba abin da wasu suka yi. Ita Zimbabwen nan har aka gama rukunin ba ta ci wasa ko ɗaya ba, makinta 5 ne kacal, kuma biyu daga ciki a hannunmu ta karɓa. Har sai da FIFA ta cire wa Afirka ta Kudu maki 3 saboda ta saka Teboho Mokoena a wasan da bai cancanci bugawa ba, amma duk da wannan sadakar sun gama da 18, mu da 17. Ko zuwa Rabat ɗin ma da ƙyar da jiɓin goshi muka samu, da ƙwallon da Frank Onyeka ya ci Benin ana dab da tashi, wadda ta ɗora mu kan Burkina Faso da bambancin ƙwallaye a jerin ƙasashen da suka zo na biyu a rukunoninsu.

To su wa ke jan ragamar tawagar a waɗancan wasanni huɗu? Nan ne maganar take, kuma nan ne nake roƙon ku tsaya ku dubi kanku. José Peseiro ya ja biyun farko. Ya kai mu wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abidjan ranar 11 ga Fabrairu, 2024, Kwaddibuwa ta ci mu 2-1, kwantiraginsa ya ƙare a ƙarshen watan, ya kama gabansa. Kun san ranar da kwantiragin zai ƙare tun ranar da kuka sa hannu, amma sai ƙarshen Afrilu kuka naɗa Finidi George, saura 'yan makonni a buga wasanni biyu mafi muhimmanci. Da ya yi canjaras ɗaya ya sha kashi ɗaya, sai kuka sanar wa duniya cewa za ku ɗauko Bature ku ɗora a kansa. Mutumin da ya ci Kofin Zakarun Turai da Ajax a 1995, wanda ya kai Enyimba ga kofin lig, me kuke so ya yi? Ya ajiye aikinsa. A ƙarshen Agustan 2024 kuka fito kuka ce kun ɗauki Bajamushe Bruno Labbadia. Ba a yi mako ba kuka dawo kuka ce magana ta lalace saboda harajin ƙasar Jamus. Wa ke shelar ɗaurin aure ba a yanka sadaki ba? Aka koma wa Augustine Eguavoen, wanda ya zama shi ne mai riƙon ƙwarya na dindindin a gidan nan, sannan a Janairun 2025 aka kawo Eric Chelle. Daga Fabrairun 2024 zuwa Janairun 2025, sunaye biyar aka kira mana a matsayin masu horar da Super Eagles. Ɗan wasan da ya taso daga Landan ko Istanbul ya sauka sansani kwana uku kafin wasa, salon wa zai bi?

Wani abin dariya mai kama da kuka: wanda ya ja Benin ta doke mu a Abidjan shi ne Gernot Rohr, kocin da hukumar nan ta kora a Disambar 2021, saura makonni a fara Kofin Afirka a Kamaru. Ni ban kasance cikin masoyan salon wasan Rohr ba, ƙwallonsa tana sa barci, amma ya kai mu Rasha a 2018 tun saura wasa ɗaya a gama share fage, ya kuma kawo tagulla daga Masar a 2019. Idan za a kore shi, me ya sa sai ana shirin tafiya? Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A Garwa muka ci wasa uku na rukuni, Hausawa da Fulanin garin suka cika fili kamar a Kano ake wasan, sai Tunisiya ta fitar da mu da ci ɗaya. Maris na zuwa, Ghana ta riƙe mu 0-0 a Kumasi, ta zo Abuja ta yi 1-1 ta ɗauke gurbin Qatar da ƙwallon waje. 'Yan kallo suka afka fili suka yi ɓarna. Rohr kuwa ya kai ƙara FIFA a kan haƙƙinsa, aka umarci hukumar ta biya shi. Ga asarar gurbi, ga asarar kuɗi.

Yanzu na ji an fara kiraye-kirayen a kori Chelle. Ni ma ina da ƙorafi a kansa, kuma ba ƙarami ba. A wasan Kongo, Onyeka ya ci mana tun minti na 3, Meschack Elia ya farke kafin hutun rabin lokaci, Osimhen ya ji rauni bai dawo fili ba. Daga nan tawagar ta zama kamar ba ita ba. Minti saba'in da wani abu muna tsaron gida muna jiran fanareti, ba mu iya haɗa ƙwallo huɗu a jere ba. Kocin Kongo, Sébastien Desabre, ya shirya wa fanaretin har ya sako golan musamman, Timothy Fayulu, ana dab da busa tashi. Namu fa? Calvin Bassey, ɗan baya, shi aka tura bugun farko, ya ɗaga ta sama. Na Moses Simon aka tare, na Semi Ajayi aka tare, Stanley Nwabali ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kaɗe biyu amma ba su isa ba. Bayan an tashi, maimakon koci ya fito ya ce ga inda na gaza, sai ya gaya wa 'yan jarida cewa wani daga bencin Kongo yana yin tsafi. Haba malam! Da tsafi na cin ƙwallo, da Kongo ba ta yi shekara 51 rabonta da Kofin Duniya ba, tun tana Zayar a 1974. Ga kuma abin da ya faru a gasar CHAN ta 'yan wasan gida a Agustan 2025, inda Sudan, ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita, ta lallasa mu 4-0 a Zanzibar, shi kuwa yana tsaye a bakin layi.

Duk da haka, adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Chelle ya karɓi tawaga mai maki 3, ya buga wasa shida na rukuni, ya ci huɗu, ya yi canjaras biyu, bai sha kashi ba. Maki 14 cikin 18. Da haka aka fara tun 2023, da yanzu maganar biza muke yi. Saboda haka idan kuka kore shi gobe kuka ce an yi maganin matsala, mun san sakiyar da ba ruwa ce. Mun ga irinta a Kano a 2005, lokacin da Angola ta riƙe mu 1-1 a filin wasa na Sani Abacha aka sauke marigayi Christian Chukwu, duk da haka Angola ce ta tafi Jamus. Mun ga yadda aka yi wa marigayi Shuaibu Amodu, wanda ya samo gurbin 2002 da na 2010, kuma duk biyun aka ture shi kafin a tafi. Marigayi Stephen Keshi ya ɗauko Kofin Afirka a 2013, shekara 19 rabonmu da shi, amma ko kwana biyu ba a yi ba ya ce ya ajiye aiki saboda yadda ake tafiyar da shi, sai da aka lallashe shi. Daga baya ya yi watanni yana bin albashi. Sunday Oliseh ya tafi a Fabrairun 2016, cikin dalilansa har da rashin biyan albashi. Masu horarwa na zuwa suna tafiya, fari da baƙi, na gida da na waje. Abu ɗaya ne bai taɓa sauyawa ba, shi ne yadda ofishinku ke aiki.

Sai maganar kuɗi, wadda wallahi kunyar rubuta ta nake ji. Saura kwana biyu a kara da Gabon a wasan cike gurbin da ya gabaci na Kongo, wanda rayuwar ƙwallonmu ta rataya a kansa, 'yan wasa da masu horar da su suka ƙi fita atisaye a Rabat saboda bashin alawus da garaɓasa. Duniya ta kwana tana karanta labarinmu. Na ji masu cewa yaran nan attajirai ne, me za su yi da 'yan dalolin nan, ina kishin ƙasa? Ni ma na so a ce sun bari an gama wasa. Amma in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Alkawari aka yi musu, kuma ba Osimhen da Iwobi kaɗai ke bin bashin ba, akwai mai wankin riguna, akwai mai tausa, akwai ƙananan ma'aikata da wannan kuɗin ne abincin iyalinsu. Kuma da a ce yau aka fara, da sai mu ce tsautsayi ne. A 2013 tawagar ta ƙi hawa jirgi daga Namibiya zuwa gasar Kofin Nahiyoyi a Brazil saboda garaɓasa. A 2014, ana tsakiyar Kofin Duniya, sun ƙaurace wa atisaye kafin wasan Faransa. A 2016 'yan wasan Olamfik sun maƙale a Atlanta, suka sauka Manaus saura sa'o'i su kara da Japan, har wani likita ɗan Japan ya ji tausayinsu ya ba su kyautar kuɗi daga aljihunsa. A 2016 ɗin dai Super Falcons suka ci Kofin Afirka suka yi zaman dirshan a otal a Abuja sai an biya su. Matan nan sun ɗauko kofin sau 10 zuwa 2025, amma sun san hanyar zanga-zanga kamar yadda suka san hanyar raga.

Na san amsar da za a ba ni: kuɗin gwamnati ba ya fitowa da wuri. To, ina kuɗin FIFA da na CAF? Ina na kamfanonin da ke tallafawa, da na masu ɗinka mana riguna? Ban ce wani ya ci ko sisi ba, Allah ya tsare ni da ƙazafi. Abin da na ce shi ne ku buga lissafin a fili, abin da ya shigo da abin da ya fita, kowace shekara, yadda malamin makaranta a Gusau ko ɗan kasuwa a Aba zai iya karantawa. Ce-ce-ku-cen da aka yi kwanan baya a kan ƙaramin filin wasan Birnin Kebbi da aka gina da tallafin FIFA, da takardu na hannun jama'a, da bai yi tsawon da ya yi ba. Inda babu bayani, jita-jita ce ke cike gurbin.

Ranka ya daɗe, da za ka shigo gidan kallon unguwarmu a daren nan na Lahadi, da ka ga abin da ya fi rashin gurbi ciwo. Ranar da Barcelona ke karawa da Real Madrid, ko wurin tsayuwa ba ka samu, mai gidan har benci yake arowa wajen mai shayi, yara na leƙe ta ramin kwano. A daren da Najeriya ke neman zuwa Kofin Duniya kuwa, bencin baya babu kowa. Waɗanda suka zo ma yawanci mu ne masu furfura, waɗanda suka ga Rashidi Yekini ya riƙe raga yana kuka a 1994, suka ga Tijjani Babangida da Garba Lawal a Faransa 1998, ranar da muka doke Sifaniya 3-2. Da Chancel Mbemba na Kongo ya zura fanaretin ƙarshe, ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya yi zagi. Wani matashi da ke gabana ya miƙe ya karkaɗe wandonsa ya tambayi abokinsa da wa Arsenal za ta buga ranar Lahadi mai zuwa. Yaron da aka haifa a 2010 yana ɗan shekara 8 Ahmed Musa ya zura wa Iceland biyu a Volgograd. Kafin ya sake ganin koriyar riga a Kofin Duniya, in Allah ya yarda an je ɗin, ya kai 20. Me zai sa ya sayi rigar Najeriya ya bar ta Yamal?

Kuma ta ina zai ga tawagar ma ido da ido? Kusan duk wasanninmu na gida a Uyo ake yi, domin filayen da suka cika sharuɗɗan CAF sun yi ƙaranci a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. A Maris na 2016 da aka kawo Masar Kaduna, filin Ahmadu Bello ya cika ya batse har mutane suka hau ƙarafan fitilu. An yi ganganci a ranar, an kuma ci mu tara, amma ya nuna irin ƙishirwar da ke akwai. Na san gina fili aikin gwamnatoci ne, sai dai matsa musu lamba aikinku ne. Shi kansa tushen ma ya bushe. Golden Eaglets sun ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar, 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, daga cikinsu Kanu da Iheanacho da Osimhen suka fito. A 2025 aka yi wannan gasar a Qatar da ƙasashe 48, babu mu, kamar yadda babu mu a 2023. Olamfik ɗin da muka ci zinare a 1996, Tokyo da Paris duk maza ba su je ba. A ƙasar da kuka je kuka sha kashi, Maroko, an gina makarantar ƙwallo ta Sarki Muhammad na Shida a Salé shekaru goma sha da suka wuce, suka yi haƙuri da ita. Sun kai wasan kusa da na ƙarshe a Qatar, kuma a Oktoban 2025 matasansu 'yan ƙasa da 20 suka doke Ajantina 2-0 suka ɗauki kofin duniya a Chile. Senegal ta bar Aliou Cissé a kan aiki daga 2015 zuwa 2024, ya rasa wasan ƙarshe a 2019 ba a kore shi ba, ya ɗauko kofin a 2022. Mu ma da muke ta tuna 1994, mun manta Clemens Westerhof tun 1989 yake gina wannan tawagar.

Da Italiya ta kasa zuwa Rasha, an kori koci Ventura, kuma cikin mako guda shugaban hukumarsu Carlo Tavecchio ya sauka da kansa. Mu a 2022 masu horarwa aka sallama, shugabanni suka ƙarasa wa'adinsu lafiya lau. Ban rubuto don in ce ka sauka ba, wannan tsakaninka da zuciyarka ne. Na kuma san masu zaɓenku ba mu ba ne. A zaɓen 2022 wakilai 44 ne, 37 daga ciki shugabannin hukumomin ƙwallo na jihohi da Abuja, kujerar da kai ma ka riƙe a Zamfara kafin a zaɓe ka a Benin a Satumbar 2022. Muddin waɗannan sun gamsu, fushinmu ba ya taɓa kujerar kowa. Wannan tsarin shi ma yana buƙatar gyara kafin zaɓen 2026, a ba tsofaffin 'yan wasa da ƙungiyoyin lig da masu horarwa murya mai nauyi. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Abin da nake roƙo a yanzu bai fi ƙarfinku ba. Ku zauna gaban 'yan jarida, ba takarda ba, ku amsa tambayoyi a kan yadda aka yi da Finidi da Labbadia, da nawa ake bin ku, da ranar da za ku biya. Game da Chelle, ku yanke shawara ɗaya ku faɗe ta da baki: in zai zauna, ku biya shi albashinsa a kan kari, ku ƙara masa mataimakan da suka san aiki, ku gaya masa abin da za a auna shi da shi, sannan ku gaya masa ya bar mana zancen tsafi. In kuma ba ku yarda da shi ba, to kada ku jira sai saura kwana goma.

Ranar 21 ga Disamba, 2025, za a buɗe Kofin Afirka a Maroko, mu kuma za mu fara da Tanzaniya a Fez ranar 23, sannan Tunisiya da Yuganda. Don Allah, a biya yaran nan haƙƙinsu tun jirginsu bai tashi ba.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon mai goyon bayan Super Eagles, daga Kano.